Ruwan Asabar Bai Zo Ba

"Kai ka ci amanata, Baballe. Ko ɓarawo ya zo ko bai zo ba, ni kai na sani, kai na ba."

Iya Kulu ce tsaye a ƙofar shagon, mayafi a kafaɗa ɗaya, laujen da ta fito da shi tun sassafe yana hannunta, ta ma manta tana riƙe da shi. Jama'a suka dare mata, don duk Tsamiya Uku babu wanda bai san kaifin bakinta ba.

"Haba Iya," in ji wani daga baya, "yaron nan fa shi aka yi wa sata. Jaje muka zo yi masa."

"Ku yi masa. Ni wa zai yi min?"

Baballe yana kan benci, ya dafe kai da hannu biyu. Shi ne mai shagon turi, inda ake tura wa mutane waƙa da fim da wa'azi a waya. An wayi gari Asabar kwaɗon ƙofarsa a ɓalle, an kwance cikin kwamfutarsa, an zare wani ɗan ƙarfe mai girman sabulun wanki, wanda komai ke ciki. Samari na ce masa had-dis. Iya Kulu rumbu take kiransa, kuma a cikin rumbun nan muryar 'yarta take.

Ummulkhairi ke nan, ita kaɗai Allah ya bar mata. Ta yi aure a Kumbotso, ta rasu daminar bara bayan gajeriyar jinya. Da yake uwar ba ta san ko alif ba, da baki 'yar take aiko mata da saƙo a waya. Ranar da wayar ta faɗa ruwa ta fara ɗaukewa tana dawowa, Baballe ya kwashe saƙonnin ya zuba a rumbunsa. Tun daga lokacin, duk Alhamis in ta taso daga gona, sai ta zauna a wannan bencin, ya saƙala mata abin kunne, ta runtse ido. Sai shagon ya ɓace, titi ya ɓace, ta tsinci kanta a tsakar gida da hantsi, Ummulkhairi na cewa, "Iya, kin karya kuwa? Na san ki, sai ki tsaya a ruwa da ƙafa ɗaya, ciki babu komai, kamar balbela." Sannan dariya ta biyo, ta hau, ta hau, ta karye a wani wuri.

A ina take karyewa? Yau da safe Iya Kulu ta laluba cikin kanta, ta rasa. Kwanan nan duk zuwan da ta yi, Baballe cewa yake batir ba caji, ta dawo wani satin. Abin da kawai take ji daga cikin kwamfutar shi ne wani kas, kas, kamar gara a cikin azara.

*

Kafin rana ta ɗaga, gari ya riga ya samo ɓarawonsa. Shanun Usaini, wani matashin makiyayi, sun bi ta bayan shagon da asuba, kuma kowa ya san shekaranjiya sun yi cacar baki da Baballe a kan katin waya. 'Yan sintiri suka taro shi daga bakin makiyaya, suka zaunar da shi a gindin tsamiya, hannuwansa a ɗaure da igiyar maraƙinsa. Leɓensa ya kumbura.

Iya Kulu ta tsaya ta dube shi, ta dubi masu gadinsa.

"Kun tambaye shi?"

"Ai ba sai an tambaya ba, Iya."

"To ku ci gaba da zama, kada tsamiyar ta gudu."

Ta juya ta nufi rugar gabas da ƙafa, neman Dattijo. Tsohon Bafillatani ne da ya daɗe da zama wuri ɗaya, yana noma 'yar shinkafarsa. A ƙuruciyarsa, in aka kore wa mutum shanu, shi ake kira ya bi sawu har cikin dajin Falgore. Ta same shi yana tufka igiya a inuwa.

"Kulu, wa ya taɓo ki da wannan safiya?"

"An sace min 'ya a karo na biyu. Tashi."

Ya saurare ta har ta gama, bai katse ta ba. Sannan ya ce, "Ni sawun ƙafa na sani. Murya ba ta taka ƙasa."

"Wanda ya ɗauke ta yana takawa. Ko tsufa ya cinye idon?"

"Ya ci ɗaya, ya bar min ɗaya don ke." Ya jawo sandarsa ya miƙe.

*

A shagon, Dattijo bai kalli kwamfutar ba. Ya roƙi jama'a su ja baya, ya tsuguna a bakin ƙofa ya daɗe, kamar mai sauraron ƙasa. Gaban shago ƙafafun 'yan jaje sun dagula shi. Ya ɗauki kwaɗon ya juya shi, ya ajiye.

"Baballe, me kuma aka ɗauka?"

"Shi kaɗai, Baba."

"Wayoyin mutane da ke caji fa?"

"Suna nan."

"Ɓarawo mai kunya," in ji Iya Kulu.

"Jiya ina ka wuni?"

"Birni na shiga tun safe, sayayya. A can na yi Juma'a. Sai bayan magariba na dawo, na rufe, na tafi gida."

"Wa kake zato?"

Baballe ya kalli gindin tsamiya, ya sunkuyar da kai. "Ni ban kama sunan kowa ba, Baba. Mutane ne suka faɗa."

Dattijo ya zagaya baya. Nan sawun shanu ya cika hanya, kofato a kan kofato. Ya bi gefe a hankali, ya tsaya, ya karyi wani siririn kara, ya auna wani sawun mutum da shi a ƙasa, ya soke shi a hularsa.

Ya je gindin tsamiya ya zauna kusa da Usaini kamar wanda ya zo hira.

"Da asuba ka bi ta bayan shago?"

"Na bi, Baffa. Hanyar ke nan."

"Ina ka nufa da su? Mashayar kanal ai kudu take."

"Kududdufin bayan makaranta na kai su. Ba za a saki ruwan kanal wannan Asabar ɗin ba."

"Me ya haɗa ka da Baballe?"

"Waƙoƙin da ya zuba min ne suka ɓace, na ce ya sake zubawa, ya ce in dawo. Na dawo, ya ce in dawo. Shi ne na ce masa in ya gaji da sana'ar ya zo in ba shi sanda." Usaini ya so ya yi murmushi, leɓen ya hana shi.

Dattijo ya dubi ƙafafunsa, masu faɗi, diddige duk faso. Ya zaro karan daga hula, ya kara shi da ƙafar, ya mayar.

"To?" in ji Iya Kulu.

"To, mu tafi."

*

Suka bi kan kunya tsakanin fadamun shinkafa, shi a gaba, ita a baya. Raɓa ba ta gama bushewa ba, wani farin tururi yana tashi daga gonaki, ya sa bishiyoyin nesa kamar suna iyo. Balbelu sun jeru can gaba, ba motsi. Iya Kulu ta ji kamar ta taɓa yin wannan tafiyar, da Ummulkhairi 'yar ƙarama a gabanta, ɗauke da ƙwaryar fura, tana tafiya tana waiwaye. Ta ga ɗankwalin nan ja yana lilo a cikin tururin. Ta buɗe baki za ta ce ta kula da santsi, sai ta ga bayan rigar Dattijo.

"Mutum ɗaya ne," ya ce ba tare da ya juyo ba. "Ya shiga cikin sawun shanu don su ɓoye shi, amma bayansu ya zo, nasa a sama yake. Sauri yake, yana tsayawa yana juyawa."

A bakin kanal suka tarar da Mustapha mai ƙofar ruwa, wanda ke buɗe wa layukan gonaki ruwa kowa da ranarsa. Yana sanye da takalmin roba har gwiwa, yana wasa adda. Iya Kulu ta tsare shi da ido.

"An ce an gan ka nan da duku-duku. Me ka fito yi, tunda ba ruwa ka buɗe ba?"

"Ina kwana dai, Gwaggo."

"Kwanan bai yi daɗi ba. Amsa min."

"Ciyawar kachala da ta toshe kanal na zo dubawa, in ga inda 'yan gayya za su fara sara gobe. Ai kin ji sanarwa jiya bayan Juma'a. Ba ruwa sai an share kanal."

"Na ji. Ba a masallaci na ji ba, amma kafin la'asar ko akuyar garin nan ta ji."

"Ka ga wani?" Dattijo ya tambaya.

"Can sama na tsaya, Baba, wajen ƙofa. Ban sauko nan ba sai yanzu."

Dattijo ya dubi sawun takalmin robar, ya gyaɗa kai. Ya matsa gaba kaɗan, ya tsaya inda ciyawa ta kwanta.

"Nan ya zauna ya cire takalmi."

Cikin kanal ɗin babu ruwa, sai laka mai sheƙi da ruwan makon jiya ya bari, sumul kamar fuskar tuwo. A kan lakar nan sawu ya jeru, ƙafa tsirara, kowane yatsa a fili kamar an zana. Dattijo ya tattare riga ya sauka, yana tafiya a gefensa. Iya Kulu ta bi ta sama.

"Kulu, dubi ƙafar nan. Ba faso, ba kaushi. Yatsun a haɗe, takalmi ya matse su tun yarinta. Mai ita ba ya shiga ruwa, ba ya bin shanu. Kin ga yadda yake ɗaga ta? Lakar ƙyama take ba shi."

Sawun ya kai ƙarƙashin kwalbati, ya tsaya. Akwai gurbin gwiwa ɗaya, da wurin da hannu ya nutse har gwiwar hannu, aka shafe bakinsa. Dattijo ya zura nasa, ya laluba, ya zaro wani abu baƙi ƙirin da laka. Ya goge shi da gefen riga, ƙarfe ya haska.

Iya Kulu ta miƙa hannu biyu kamar mai karɓar jariri. Sanyi gare shi, kuma ya fi yadda take zato nauyi. Ta kai shi kunnenta. Shiru. Can nesa wata kurciya tana kuka, sai iska cikin kachala.

"Ɓarawon da ya sha wahalar fasa shago, ya zo ya binne abin a laka," in ji Dattijo. "Kuma ga sawunsa ya juya, ya koma inda ya fito. Ɓoye shi a zaninki. Kada ki yi magana sai na yi."

"Ni?"

"Na san abu ne mai wuya. Ki gwada."

*

Kafin azahar mai unguwa ya sa aka shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya. Usaini na nan a ɗaure. Aka kira Mustapha. Baballe ya zo a matsayin wanda aka yi wa ɓarna, abokansa na dafa masa kafaɗa. Iya Kulu ta zauna gefe, leɓenta a cije, hannunta a kan ƙullin zaninta.

Dattijo ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, na bi sawu daga bayan shago, ta cikin na shanu, ta kan kunya, har bakin kanal na kudu. Nan mai shi ya cire takalmi ya sauka ciki."

Ya tsaya nan, ya shiga gyara zaman hularsa.

Baballe ya saki numfashi. "Shi ke nan, Baba, an gode. Tunda ya shiga kanal, ai ruwan Asabar ya wanke komai. Ni na yafe. A saki Usaini, a bar wa Allah."

Mutane suka shiga kallon juna. Wata mata ta ja ɗanta jikinta.

"Wane ruwa?" in ji Mustapha a hankali.

"Na yau mana. Da asuba kake buɗewa, tun muna yara."

"Usaini," in ji Dattijo, "ina ka kai shanunka sha?"

"Kududdufi, Baffa. An ce ba ruwa sai an yi gayya."

"Akwai wanda bai ji wannan ba a cikinku?"

Aka girgiza kai.

"Wanda ya sauka kanal da asuba, ya sauka ne don ya san ruwa na tafe a bayansa ya share masa ƙafa. Ɗan gari ne, ya san ranar ruwa. Amma jiya ba ya gari, kuma ba shi da gonar da za a tare shi a hanya a gaya masa." Ya zaro karan daga hularsa. "Baballe, cire takalminka."

Baballe bai cire ba. Ya dubi karan, ya dubi Iya Kulu, ya ga ta kwance ƙulli ta ajiye ƙarfen a tsakiyar tabarma, laka na ɗiga daga jikinsa. Sai kafaɗunsa suka sauka.

"Mutuwa ya yi, Iya," ya ce, murya can ƙasa. "Ba sace shi aka yi ba."

"Ƙara ɗaga murya. Lokacin da ake ɗaure ɗan mutane ba raɗa ake yi ba."

Ya faɗa, yana tsinkewa yana ɗorawa. Tsohon rumbunsa lafiyarsa ƙalau, cika kawai ya yi. A kasuwar waya a birni wani ya nuna masa babba, da araha, ya ce na hannu ne amma an gyara shi, an yi masa wanka, ya fi sabo. Takarda sabuwa a jikinsa, leda sabuwa. Ya kwashe komai ya zuba a ciki, ya goge tsohon ya sayar. Ba a daɗe ba ya fara wannan kas, kas ɗin. Jiya ya kai wa mai gyara, mai gyara ya ce abin ya tsufa tun kafin ya zo hannunsa, wataƙila a ceto wani abu daga ciki, wataƙila a'a, kuma aikin ba na ƙaramin mutum ba ne.

"Na tuna hotunan bikin mutane, da karatun yaran Malam, da... da naki, Iya. Na ce in sata ce, ƙaddara ce, kowa zai yi haƙuri. Ban zaci za a kama wani ba."

"Da aka kama fa? Bakinka ciwo yake?"

Baballe ya kafe tabarma da ido.

Dattijo ya ɗauki ƙarfen, ya kankare gefen takardar da farce, wata tsohuwar takarda ta leƙo daga ƙarƙashi. "A kasuwar shanu ma ana yi," ya ce. "A goge wa tsohuwar saniya ƙaho, a shafa masa mai, a ce karsana ce. In nama kake so, ba ka yi asara ba. In ita kaɗai za ka dogara da ita ta shayar da gidanka, ka shiga uku."

Iya Kulu ta miƙe. Ba ta nufi Baballe ba. Ta je bayan Usaini, ta sa laujenta ta yanke igiyar, ta jefa wa 'yan sintiri a gabansu. Sannan ta juyo.

"Ni ban yi boko ba, ban yi allo ba, amma na san randa. Randar da aka liƙe, aka shafa mata jar ƙasa, ana sayenta, ba haram ba ne. A zuba mata ruwan kanal, in ta tsiyaye a sake ɗebowa. Waƙoƙinka da finafinanka ruwan kanal ne, gobe ka ciko. Ni abin da na kawo maka, rijiyarsa ta rufe, Baballe. An binne ta a Kumbotso. Ka zuba min shi a fasasshiyar randa, ka fasa mai kyan, ba ka raba min shi gida biyu ba, ba ka ce Iya sayo kati in zuba miki ki kai ɗaki ba. Da ya fara kuka ka ce min batir. Mai gyara ya ce wataƙila, ka ɗauki wataƙilar ka cusa a laka."

Ta dubi can bayan rufin shaguna, inda zafin rana ya sa gonaki ke rawa kamar ruwa. Ɗankwalin nan ja yana can, ƙarami, yana nisa. Dariyar ta fara tasowa a kunnenta, ta hau, ta hau. Ta tsaya cik tana jira ta ji inda za ta karye. Sai wani babur ya wuce a titi.

Mai unguwa ya ce, "Iya, a yi haƙuri. Yaro ya yi kuskure, ya kuma amsa."

"Bai amsa ba tukuna. Faɗa ya yi." Ta sunkuya ta ɗauki ƙarfen, ta goge shi da bakin mayafinta a hankali, kamar mai share wa yaro fuska, ta ƙulle shi a zani. "Durƙusa gaban Usaini, a nan, inda aka fasa masa baki, kai da masu igiya. In kun gama, ka ɗauko babur ɗinka. Ka kai ni wurin mai gyaran, ya duba min abin da laka ta rage. Daga nan ka kai ni gaban wanda ya liƙa wa gawa sabuwar takarda ya ce ta fi mai rai."

"Iya, kasuwar nan babba ce. Wataƙila ma ya tashi daga wurin."

"Yana taka ƙasa?"

Dattijo ya yi ɗan murmushi, ya mayar da karansa cikin hula, ya jawo sanda.

"To ba ni dawowa garin nan," in ji Iya Kulu, "sai an tsayar min da shi, kai a gefensa, ɗayanku ya dube ni ido da ido ya gaya min inda kuka kai dariyar 'yata. Tashi."